The Villages, Sun City, Laguna Woods ko zama inda kake: ina ya dace Bahaushen Amurka ya yi ritaya?

Wani yayanmu da ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana aikin asibiti a Maryland ne ya jawo wannan rubutun. Yara sun watse kowa ya kama gabansa, gida mai ɗaki huɗu ya koma shi da Hajiya kawai, guiwa ta fara ƙin hawa bene, ga ƙanƙara duk hunturu sai ya ɗauki shebur ya kwashe kafin ya fitar da mota. Sai gashi ana ta turo masa takardun talla na garuruwan ƴan ritaya, hotunan tsofaffi suna dariya a filin golf rana na haskawa, ya kira ni yace ƙanina ni fa kaina ya kulle, kai da kake yawon jihohi wanne ka gani? Na san ba shi kaɗai bane a wannan tsaka mai wuyar, shi yasa nace bari in baje abun a faifai.

Da farko a gane, waɗannan wuraren ba gidan gajiyayyu bane, ba kuma asibiti bane. Gari ne sukutum, ko unguwa mai girman gari, ka sayi gidanka da kuɗinka, ka yi girkinka, ka tuƙa motarka, bambancin kawai an ce yara ba sa zama. Dokar tarayya ta 1995 ce ta ba su wannan damar, sharaɗin shine a duk gida 100 da ake zaune a ciki, aƙalla 80 su kasance akwai mutum ɗaya mai shekara 55 ko fiye. Manyan da aka fi sani uku ne zan ɗauka, The Villages a Fulorida, Sun City a Arizona, da Laguna Woods Village a Kalifoniya, sannan in haɗa da zaɓi na huɗu da masu talla ba za su taɓa faɗa maka ba, wato ka yi zamanka inda kake.

Abubuwan da nake aunawa da su

Kuɗi, amma ba kuɗin sayen gida kaɗai ba, don shi wannan sau ɗaya ne. Abun dubawa shine wanda zai riƙa fita duk wata har ƙarshen rayuwa, kuɗin ƙungiyar masu gidaje da haraji da inshora da wuta, tunda albashi ya tsaya kuma fansho ba ya ƙaruwa yadda waɗannan ke ƙaruwa.

Sai dokar yara da baƙi, kuma a wurina wannan ita ce uwa uba ga Bahaushe. Sai ƙarko, na gidan da kuma na tsarin kansa, ma'ana wurin da ya dace da kai kana da 62 zai dace da kai kana da 82? Sai sauƙin rayuwar yau da gobe, masallaci, naman halal, likita, wanda zaka yi hira da shi. Na ƙarshe haɗari, na yanayi da na ranar da za a tashi sayarwa.

The Villages

Wannan shine giwar. Ya faro ne a matsayin ɗan filin gidajen tirela na wani Harold Schwartz a shekarun 1970, ɗansa Gary Morse ya shigo harkar a 1983, aka sa masa sunan The Villages a 1992, yau mutanen ciki sun haura dubu 100 nesa ba kusa ba, ya ratsa ƙananan hukumomi uku, Sumter da Lake da Marion, kuma har gobe gini ake ana nausawa kudu. Tafiyar kamar awa ɗaya ce daga Orlando.

Gani ya kori ji. Na je dandalin Lake Sumter Landing da yamma, ƙarfe biyar ake fara kiɗa sai tara ake tashi, kuma kullum ne ba wai ranar biki ba. Motocin golf ne jere kamar tashar A Daidaita Sahu, wata an yi mata fenti kamar tsohuwar Marsandi wata da tutar jami'a, don can da su ake zuwa kasuwa da asibiti da coci, suna da hanyoyinsu daban har da na ƙarƙashin titi. Na ga wata tsohuwa da ba za ta gaza tamanin ba, farin kambas a ƙafa, tana cikin layin rawa ba ta kuskure taku ko ɗaya, ni da na girmi ɗanta da kaɗan ina tsaye ƙafa na min ciwo. Magariba ta yi na koma gefen mota na shimfiɗa sallaya a ciyawa, ina sallamewa na ga wani dattijo tsaye da motar golf ɗinsa yana jirana, wai ya hango ni a ƙasa ya ɗauka faɗuwa na yi, har ya ciro waya zai kira motar asibiti. Mun yi dariya, mutumin kirki ne wallahi, amma ka ga ai ya nuna maka irin yawan masu sallar da suka saba gani.

Gidaje akasari daga dala 300,000 ne zuwa sama. Kuɗin morar wuraren wasa da na iyo da ƙananan filayen golf wajen dala 200 ne a wata, wanda idan kai mai fita ne kullum araha ce, ƙungiyoyin sha'awa sun kai dubbai, daga masu ɗinki har masu wani wasa kamar tanis da suke kira pickleball. Amma akwai wani abu da ake ce wa bond, bashin da aka ci aka yi tituna da magudanan ruwa sai aka raba shi kan gidaje, a sabon gida yana iya kai dala dubu ashirin ko talatin ko fiye, baya cikin farashin da aka rubuta, yana zuwa ne cikin takardar harajin shekara da kuɗin ruwa a kansa. Ga mai gudun riba wannan kaɗai abun tsayawa ne, ko ka biya shi gaba ɗaya ranar saye ko ka nemi tsohon gida da mai shi ya riga ya sauke. Fulorida ba ta karɓar harajin kuɗin shiga na jiha, sai dai abun da ka tsira da shi nan inshorar gida na iya lashe shi, don tana cikin jihohin da inshora ta fi tsada saboda mahaukaciyar guguwa. The Villages na tsakiyar jiha ba bakin teku ba, hakan ya rage, amma yankin ƙasarsa na ruftawa, a 2018 ma ta rufta a wata unguwa a ciki har aka kwashe mutane daga gidajensu.

To ga inda gizo ke saƙar. Duk wanda bai kai shekara 19 ba kwana 30 kacal aka yarda ya yi a shekara. Hajiya, ƴarki ta yi haihuwar fari tace Mama zan zo wankan jego, arba'in nawa ne? Kwana 40. Jaririn nan a idon doka baƙo ne ɗan ƙasa da 19, kenan tun kafin a yi arba'in kun karya ƙa'ida. Balle ace riƙon jika, ko ɗan ƙaninka da aka turo karatun sakandare, wannan babu shi kwata kwata. Mutanen garin kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari farare ne, siyasarsu ta karkata sosai wajen jam'iyyar Republican, Juma'a da nama sai ka fita Ocala ko Orlando da mota ta gaske.

Sun City

Shine kakansu. Del Webb ya buɗe shi ranar 1 ga Janairun 1960 a arewa maso yammacin Phoenix, kuma a ƙarshen makon farko kaɗai mutum wajen 100,000 suka je kallo. Yanzu mazauna kusan 40,000 ne. Babu ƙyale ƙyalen The Villages, tituna masu faɗi, gidaje ƙasa ƙasa marasa bene, tsakuwa da murtsunguwa maimakon ciyawa, shiru kamar anyi ruwa an ɗauke.

A aljihu shi yafi sauƙi. Da dala 300,000 ko ƙasa ana samun gida mai kyau, kuɗin wuraren wasa kuma a shekara ake biya kuma bai kai dala 1,000 ba, sai wasu ƴan dubbai da ake karɓa sau ɗaya ranar saye na asusun gyara. Harajin gida ƙasa yake sosai saboda garin ya fice daga gundumar makarantu tun shekarun 1970, tunda ba su da ɗalibai. Arizona na karɓar kashi 2.5 na kuɗin shiga kuma ba ta taɓa kuɗin Social Security, wato fanshon gwamnatin tarayya. Amma araha ba ta ado, an gama gina gidajen nan tun ƙarshen shekarun 1970, don haka kafin ka sa hannu ka sa a duba rufi da famfunan ƙarƙashin ƙasa da wayoyin wuta, musamman ma esi, don a can esi ba jin daɗi bane, rai ne.

Nasan wani zai ce haba, ni da na tashi a Sakkwato ko Maiduguri za a tsorata da zafi? Alhaji wancan kana saurayi ne. A 2023 Phoenix ta jera kwana 31 zafi bai sauka ƙasa da digiri 43 da rana ba, kuma a shekarar mutum 645 zafi ya kashe a ƙaramar hukumar Maricopa inda Sun City yake, da yawansu masu shekaru ne. Ga hawan jini ga ciwon suga, sannan ka tuna azumi yana zagayowa, yanzu yana faɗowa lokacin sanyi amma wanda Allah ya ja kwanansa zai gan shi a tsakiyar zafin. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa garin ya fi ko'ina daɗi, hunturu ne irin namu ba ƙura.

Ta ɓangaren yara sun fi sassauci, ɗan ƙasa da 19 na iya yin har kwana 90 a shekara, kenan wankan jego ya shiga, dogon hutun makaranta ma ya shiga. Akwai babban asibiti a cikin garin. Phoenix kuma babban birni ne mai masallatai da yawa da shagunan ƴan Somaliya da Larabawa, nama da garin tuwo da kayan miya ba za su gagara ba, akwai jama'ar da za ta yi maka sutura in ta Allah ta kasance. Sai dai komai da mota ne, ranar da ido ya hana tuƙi tsugune ba ta ƙare ba.

Laguna Woods Village

A da sunansa Leisure World, Ross Cortese ya buɗe shi a 1964 a gundumar Orange, gidaje sama da 12,000, mutane wajen 18,000, akwai katanga da get da masu gadi. Yanayin nan kam ba magana, ba zafi ba sanyi, teku na kusa. A yankin da gida na yau da kullum ya haura dala miliyan ɗaya, nan ana samun ɗan madaidaicin fulat da kuɗin da bai kai rabin haka ba, shi ke jan mutane.

Tsarin mallakar ne sai an natsu. Kusan rabin gidajen ba gidan kake saya ba, hannun jari kake saya a kamfanin da ya mallaki ginin sai a baka damar zama, shi yasa bankuna ba su cika ba da bashi a kai ba, yawanci kuɗi hannu ne, kuma kafin a amince da kai sai ka nuna shaidar abun da ke shigo maka a shekara da abun da ka tara. Kuɗin wata yana da nauyi, daga dala 700 zuwa sama, kuma kusan duk shekara sai ya ƙaru, amma shi ya ɗauke gyaran wajen gini da rufi da ruwa da shara da gadi da kula da fulawoyi, da kuma bas da ke zagayawa kyauta. Wannan bas ɗin kar a raina shi, cikin wurare ukun nan shine inda wanda ya ajiye tuƙi zai fi iya rayuwa da kansa. Gine ginen tsofaffi ne, wasu akwai matakala ba lifta, wasu wurin wanki na haɗaka ne, mai ciwon guiwa ya nemi na ƙasa. Baƙo kwana 60 yake da shi a shekara. Jama'ar ta fi gauraya, akwai ƴan Koriya da ƴan Sin da Iraniyawa da yawa, ba za a bi ka da kallo don ka sa babbar riga ba, kuma masallatan Irvine da Mission Viejo ba nisa. Kalifoniya dai kowa ya san ta, mai da abinci da haraji duk da tsada, ga girgizar ƙasa da gobarar daji da ke sa inshora hawa.

Zama inda kake

Idan ka gama biyan bashin gida, wannan ne zaɓin da ba ya cin ko sisi na ƙaura, ba ladan dillali ba motar kaya. Kuɗin da zaka kashe na gyara ne, a sauko da ɗakin kwana ƙasa, a sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, a ɗauki yaron da zai riƙa yanke ciyawa da kwashe ƙanƙara. Ba wanda zai ƙirga maka kwanakin jika. Likitanka na shekara ashirin na nan, limamin da ya raɗa wa ƴaƴanka suna na nan. Aibinsa shine kaɗaici, kuma ba ƙaramin abu bane, unguwannin Amurka da rana kamar maƙabarta suke kowa ya tafi aiki, mutum sai ya wuni bai yi magana da kowa ba sai talabijin. A nan kam garuruwan ritaya sun yi masa fintinkau, can ko baka so sai maƙwabci ya ja ka fita.

| Abun dubawa | The Villages | Sun City | Laguna Woods | Gidanka na yanzu |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | matsakaici zuwa sama, ga bond | mafi sauƙi | sauƙi in aka duba yankin, sau da yawa kuɗi hannu | babu |
| Kuɗin ƙungiya | wajen dala 200 a wata | ƙasa da dala 1,000 a shekara | dala 700 zuwa sama a wata | ya danganta |
| Kwanakin yara a shekara | 30 | 90 | 60 | ba iyaka |
| Shekarun gidaje | akwai sababbi fil | 1960 zuwa 1970 da wani abu | daga 1964 | ka fi kowa sani |
| In an daina tuƙi | motar golf na ɗan ja | da wuya | akwai bas kyauta | sai ƴaƴa ko tasi |
| Masallaci da nama | sai an yi tafiya | cikin Phoenix | kusa | inda ka saba |
| Babban haɗari | guguwa, ruftawar ƙasa, inshora | zafi | hawan kuɗin wata, girgizar ƙasa | kaɗaici, bene |

Abu biyu sun shafi duka ukun kuma ba a rubuta su a takardar talla. Na ɗaya, kuɗin da kake biya na wasa ne da gyaran unguwa, ba na jinya ba. Ranar da mutum ya kasa wanka da kansa ko mantuwa ta kama shi, sai dai a ɗauko mai kula a riƙa biya, ko a sake ƙaura zuwa gidan kula da tsofaffi inda wata ɗaya ke cin sama da dala 5,000, kuma Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, ba ya biyan irin wannan doguwar kulawar. Mu da muka saba ƴa ko suruka ko jika ke wannan hidimar, ka duba ko dokar wurin zata bar ƴarka ta dawo da ƙananan yaranta ta zauna da kai, amsar a'a ce. Na biyu gado, ƴaƴanka zasu gaji gidan amma ba lallai su iya zama ciki ba, masu sayensa ma yawanci masu shekaru ne, kuma kuɗin wata na ci gaba da tafiya har ranar da aka sayar.

Na san wata baiwar Allah a wata unguwa irin wannan, ƙarama, ba cikin ukun nan ba, ƴarta ta rabu da miji ta dawo da yaro ɗan shekara shida. Ba a yi wata biyu ba ta tarar da wasiƙa a akwati, maƙwabta sun lura da motar makaranta na tsayawa a bakin get. Cikin ladabi aka rubuta ta, har da fatan alheri, amma da ranar da yaron zai bar gidan. Ƙarshe sayarwa ta yi da gaggawa ta koma haya.

Masu cewa ni gida zan koma, Kano ko Zariya ko Maraɗi ko Kumasi, wannan maganar daban ce mai tsawo, abun da ya shafi nan kawai shine Medicare ba ya bin ka ƙetare, kuma in ka daina biyan sashen B nasa, wato na ganin likita, wanda a 2025 dala 185 ne a wata, ranar da ka dawo za a ɗora maka tarar kashi 10 kan kowace shekarar da ka tsallake. Social Security yana bin ɗan ƙasa har gida, amma mai girin kad kawai ya yi tambaya sosai kafin ya wuce wata shida a waje. Da yawa raba shekara suke, kuma ga mai wannan niyyar ƙaramin gida mai ƙaramin kuɗin wata ya fi, don ba daɗi kana Kano ana zarar dala 800 duk wata na wurin iyon da baka shiga.

To wa ya dace da ina? Idan kai da Hajiya lafiyarku ƙalau, kuna son fita da hayaniya da sababbin abokai, ƴaƴa ba masu doguwar ziyara bane kuma tafiyar awa guda zuwa Juma'a ba ta dame ka ba, The Villages zai yi maka daɗi, amma ka kama haya wata ɗaya a Agusta tukun ka ji zafi da gumin wurin. Idan fanshon ba yawa kuma kana son jikoki su zo su yi hutu mai tsawo, ko kuma kai mai raba shekara ne, ka yi sanyi a Arizona ka gudu gida kafin Yuni, Sun City ne naka. Wanda ya sayar da babban gida yana da kuɗi a hannu, baya son ya sake jin maganar gyaran rufi, ko ido ya fara rauni, ko mace ce ita kaɗai tana son get da mai gadi da masallaci kusa, ta duba Laguna Woods, in dai fansho zai ɗauki kuɗin watan ko da ya ƙaru. Wanda kuma gidansa ne matattarar dangi, yau suna gobe walima jibi an sauke baƙo daga filin jirgi, ko akwai alamar wata ƴa ko wani jika zai dawo hannunsa, kar ya motsa. Yayan namu dai da na karanta masa dokar kwana 30 a waya, Hajiya na gefe tana ji, autarsu na da ciki wata bakwai, ban ƙarasa ba na ji tace a kira mai gyara ya zo ya duba ɗakin ƙasa.